Shekara Shida Da Aka Soke Da Jan Biro

Akwai wata baiwar Allah da kowa a gidansu ke kira Auta. Duk sanda na tuna labarinta sai raina ya ɓaci.

Tana gama sakandare mahaifinta ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Yayyenta kowa na da aikinsa da iyalinsa, sai jinyar ta faɗo kanta. Shekara shida ita ke masa wanka, ita ke juya shi a gado, ita ke ba shi abinci cokali-cokali, har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwar ta fara neman aiki. Wuri tara ta je, tambaya ɗaya ke koro ta: "A ina kika taɓa aiki?"

Rannan ta ji wani asibiti mai zaman kansa na neman masu taimaka wa nas-nas a ɗakin tsofaffi. Ta goge hijabinta, ta je ta cike fom. A gurbin ƙwarewa ta rubuta: "Na yi jinyar mahaifina shekara shida."

Jami'in ɗaukar ma'aikata ya karanta, ya kwashe da dariya. Ya ɗauki jan biro ya soke layin a gabanta.

"Malama, aiki muka tambaya. Wannan ai zaman gida ne."

Auta ta dubi layin da ya soke. Ta miƙe tsaye.

"Zaman gida? Ranka ya daɗe, bayan awa nawa ake juya wanda ba ya motsi don kada bayansa ya yi gyambo?"

"Ke, ba ni za ki yi wa tambaya ba."

"Ka taɓa ɗaga mutumin da ya fi ka nauyi daga gado zuwa keke kai kaɗai? Ka taɓa canza zanin gado mutum na kwance a kai? Ka taɓa wanke uban da ya haife ka yana kuka don kunya? Shekara shida babana na kwance, ko ƙurji ɗaya bai fito masa a baya ba. Shi ne za ka soke min da biro!"

Hawaye na zuba, amma ba ta sassauta ba. Jami'in ya buga tebur ya ce a kira mai gadi ya fitar da ita.

Ashe babbar nas ta ɗakin tsofaffi na tsaye a bakin ƙofa. Ta zo ƙorafin ƙarancin ma'aikata ne, kuma ta ji komai. Ta ce, "A bar mai gadi ya huta. Ƙanwata, share idonki ki biyo ni."

Ta kai ta gadon wani dattijo da ya kwana biyu yana tofar da duk abin da aka ba shi. 'Yarsa na gefe, ta rasa yadda za ta yi.

Auta ta wanke hannu, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta dubi fuskarsa sosai, sannan ta ce, "Ba ƙin abinci yake ba, tsoron ƙwarewa yake. A kwance ake ba shi, kuma ta gefen da ya shanye."

Ta ɗago shi zaune, ta tokare shi da filo biyu. Ta ɗebo rabin cokali ta sa masa ta gefen mai lafiya, ta jira har ya haɗiye. Ta sake ɗebowa. Sai da ya ci rabin kwano, sannan ya ɗaga hannunsa mai motsi yana nuna a ƙara.

'Yar tasa ta fashe da kuka.

Da suka koma ofis, jami'in ya dage cewa doka ta ce sai mai shekara biyu a bakin aiki. Babbar nas ta ce, "Masu shekara biyun da ka turo min, uku sun gudu a sati ɗaya. Ɗakina ne, ni zan sa hannu. A ba ta gwajin sati biyu."

Kwana biyar kawai aka yi aka kira ta ta karɓi yunifom. Da ta koma gida da shi, babban yayanta, wanda ya ji yadda ta yi da jami'in, ya ce, "Auta, ashe masifa ma sana'a ce?" Ta harare shi, sannan ta yi dariya.

Har yau jami'in nan ba ya amsa gaisuwarta. Ita kuwa tana gaishe shi kullum da safe, ta wuce ɗakin tsofaffinta, inda wasu ba sa yarda su buɗe baki sai ta iso.

Darasi: Masu ɗaukar ma'aikata, ku ji tsoron Allah, ku daina wulaƙanta mutum don bai taɓa shiga ofis ba. Ku gwada hannunsa kafin ku yanke masa hukunci. Kai kuma mai neman aiki, kada ka raina abin da ka koya a gida, ka faɗe shi da bakinka. Ku tura wa duk wanda aka taɓa kora saboda "ba ka da ƙwarewa".