Telan da Ke Binne Masu Ƙorafi

"Maigida, kashe kwamfutar nan."

"Saura kabari ɗaya."

"Jiya ma saura ɗaya ka ce! Rigunan makaranta ga su can a jibge, kai kana shuka furanni a kan matattu!"

Akwai wani tela, jama'a, ana ce masa Mai Almakashi, kuma wannan ita ce gaisuwar safiya tsakaninsa da matarsa, wadda ke yi masa guga a shago.

Wasan kwamfuta ya samu, irin wanda za ka ƙirƙiri mutane ka gina musu gida, su yi aure, su tsufa, su mutu. Kowa gidan bene yake ginawa. Shi kuwa bawan Allah maƙabarta ya gina, har da katanga da bishiyoyi.

Duk wanda ya dawo da ɗinki, sai telan ya washe baki: "Ba komai, ranka ya daɗe, za a gyara." Mutum na juya baya, ya ƙirƙire shi a wasan da hancinsa da tumbinsa, ya kulle shi a ɗaki marar ƙofa har yunwa ta gama da shi. Sannan ya rubuta ƙorafin a allon kabari.

Na direba: "Wandon nan ya matse ni." Na mai kanti: "To ina aljihun?"

Matar ta ce, "Lokacin da ka ɓata a kabarin direba, ai da ka buɗe masa wandon."

Ya ɗaga hanci, ya ja tef ɗin awon da ke wuyansa. "Ni ba na kuskure. Jikinsu ne ba daidai ba."

To, aikin da ke riƙe da shagon nan shi ne kayan ɗaliban wata makaranta. Shugabar makarantar ta dawo da riguna, ta ce hannuwan sun yi gajere. Bai taɓa rigunan ba. Ita ya taɓa, a wasan.

Ranar da ta zo karɓa, ya shiga ciki neman zare, ya bar kwamfutar tana kallon ƙofa. Shugaba ta gyara tabarau, ta matso. Ta karanta a hankali, kamar mai duba jarrabawa:

"Shugaba. Ta ce hannun riga ya yi gajere."

Matar telan ta ajiye dutsen guga.

Yana fitowa, Shugaba ta ɗaga riga ɗaya. Hannun na nan yadda yake, ko gwiwar hannu bai kai ba.

"Tela, kabarin nan ka auna shi?"

"Eh... a'a... wasa ne, Hajiya."

"Ya fi rigar kyau. Tunda na rasu, ka nemi masu rai su ba ka aiki."

Ta sa direbanta ya kwashe yadi da riguna kaf. Direban kuwa shi ne mai matsattsen wandon. Ya leƙa, ya ga nasa kabarin, ya ce, "Ni har da fure?"

Mai Almakashi ya bi su har bakin mota yana haki.

"Hajiya, wallahi a inuwa na sa ki!"

Darasi: Wanda ya nuna maka aibin aikinka ba maƙiyinka ba ne. Ka binne girman kai, ka gyara hannun rigar. Ku tura wa telanku, amma ku bari sai kun karɓo ɗinkinku tukuna.