Ranar da Maigari Tunau Ya Sa a Daka Iri

An ce, kuma mai musu ya bari sai na kai aya, akwai wani gari Kwarin Gauɗe, maigarinsu sunansa Tunau. Mutum ne da in abu ya shiga kansa ko da igiya ba a jawo shi.

Wata safiya aka sayo masa ƙosai a takarda. Ya cinye, ya lashe yatsu, sai idonsa ya faɗa kan rubutu: "Ƙasashe goma da suka fi daɗin zama a duniya." Ya fara daga ta goma yana hawa, yana hawa, har ya zo ta ɗaya. Daidai wurin man ƙosai ya cinye sunan. Tabo ne kawai, zagayayye, yana ƙyalli.

Ya ce, "Ba komai. In mun isa za mu gane ta."

Nan take ya sa aka yi shela: jibi gari zai tashi kaf. Aka shiga cire ƙyamare. Aka tura ƙarti huɗu su duba yadda za a ɗauki rijiya. Duk wannan wasa ne. Babbar masifar ita ce guzuri, don ƙarshen bazara ne, rumbuna sun yi fayau, ba abin da ya rage sai irin shuka, wanda yayarsa Tabawa ke ajiye wa gari duka a tukwane.

Ya ce, "Yaya, a dake shi, a yi mana gari na hanya."

Ta ce, "Tunau, iri fa? Ka ɗaga kai ka ga gabas, hadari ne ke haɗuwa."

"A ƙasa ta ɗaya ba a noma."

"Wa ya gaya maka?"

Ya nuna mata tabon. Ta dube shi, ta dubi tabon, ta juya. Jim kaɗan aka ji taɓare sun fara daga cikin gida: tim, tim, tim.

Ana haka sai ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gidansa. Duk shekara nan take sheƙa, ba mai jifanta, kuma da an gan ta kowa ke wasa fartanyarsa. Saboda yawan tafiyarta Hajiya suke ce mata.

Maigari ya ɗaga mata takardar ya ce, "Yauwa Hajiya, abin nema ya samu! Ke da kika zaga duniya, wace ƙasa ce wannan?"

Shamuwa ta karkata kai ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan mai ne. Amma dakan me nake ji?"

"Iri."

Saura kaɗan ta faɗo daga reshe. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, kafin ka ɗaura kaya, ka san labarin Arzika mai facin keke?"

"Ki faɗa da sauri."

Shamuwa ta ce:

Arzika ya gaji da zafi da ƙudaje, ya rufe rumfarsa, ya ba ƙanwarsa makulli, ya tafi wata ƙasa da kowa ke yabo. Kuma gaskiya gani ya kori ji. Ba a ɗauke wuta. Ruwa daga bango yake fitowa, mai zafi da mai sanyi. Kare ma yana da riga da likitansa.

Washegari ya haɗu da maƙwabcinsa a bakin ƙofa, ya ce, "Ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? Ya sanyin nan? Ya muka ji da aiki?"

Mutumin ya ja da baya, ya dubi agogo, ya danna waya. Kafin Arzika ya kai "ya yara" sai ga motar asibiti da jiniya. Likita ya auna shi sama da ƙasa, ya ce ciwon yawan tambaya ne, yana iya yaɗuwa, a kwantar da shi.

A gadon kusa da shi akwai wani tsoho ɗan ƙasar. Shi laifinsa an kama shi yana haɗa akwati zai koma ƙasar su Arzika, don ya ji ana cewa can rana kyauta ce, kuma in ka yi atishawa mutum shida ne za su amsa maka.

Arzika ya yi tsalle ya ce, "Baba, mu yi musaya mana! Ka ɗauki gidana har abada, ni in ɗauki naka."

Tsoho ya ce, "Ɗana, a hankali. Kar mu zama mutanen Tungar Gabas da Tungar Yamma."

Arzika ya ce, "Me ya same su?"

Nan Maigari ya katse ta. "Hajiya, labari a cikin labari kuma? Jibi fa za mu tashi!"

Tim, tim, tim, in ji taɓare. Shamuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, gajere ne kamar wutsiyar akuya."

Tsoho ya ce:

Garuruwa biyu ne, kogi ya raba su. Kullum da yamma mutanen Gabas sai su zauna a gaɓa su hangi Yamma, su ga kore shar, ba juji, ba kashin awaki. Su ce, "Kai, waɗancan su ke duniya." Su ma na Yamma suna zaune suna hangen Gabas suna haɗiyar yawu.

Rannan kowane gari ya yanke shawara a ɓoye zai koma ɗayan. Tsallakawar ba ta kai shan kunu ɗaya ba, amma suka ce tafiya tafiya ce, sai da guzuri. Suka dafe irinsu kaf, suka cinye tun kafin su kwance jirage.

A tsakiyar ruwa suka yi kiciɓis. Aka gaisa. Kowa na toshe baki kar dariya ta kuɓuce masa, yana cewa a ransa, "Wawaye, ba su san abin da suka bari ba."

Suka sauka. Sauro iri ɗaya. Juji iri ɗaya. Wata mata ta tarar da turmi mai tsaga daidai inda nata ya tsage. Da suka waiga, sai ga tsohon garinsu can ƙetare, kore shar, yana sheƙi.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, ba abin shukawa. Kowane gari ya ce bari ya je roƙon iri wajen ɗayan. Suka sake haɗuwa a tsakiyar kogi, kowa da ƙwarya wayam. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Har yau suna can suna kai da kawowa. Ba wanda ya kai su iya tuƙi, ba kuma wanda ya kai su rama.

Tsoho ya ce, "Ka ji, ɗana. Daga nesa kowane juji tudu ne. Ka zauna ka ɗana tamu, ni in je in ɗana taku, amma kowa ya riƙe makullinsa."

Shamuwa ta ce, "Haka suka yi, ranka ya daɗe. Tsoho ya je, ya yi atishawa har ya ƙoshi, zazzaɓi ya kayar da shi sau biyu, ya koma gida. Arzika ya yi shekara uku yana faci a can yana gaida bango, ya dawo ya buɗe rumfarsa. Kowannensu ya tafi, ba wanda ya daka irinsa."

Maigari ya yi ta juya takarda. Can ya ce, "To ke, tsakaninki da Allah, wace ƙasa ce ta fi?"

Ta ce, "Garin daɗi na nesa, in ji ungulu. Na ga inda kwaɗi suka fi naku ƙiba. Na ga inda bishiyoyi suka fi tsamiyar nan tsawo. Ina zuwa in ci, ban musa ba. Amma ƙwai fa? Ƙasa bakwai nake tsallakewa in zo in saka shi a ƙofar gidanka. Kana zaton don kyan fuskarka ne? Nan ne ba a jifana. Kuma duk yawona, ka taɓa ganin na warware sheƙata na yi guzuri da ita?"

Daidai nan ɗigon ruwa ya faɗo ɗal a kan tabon man. Tim, tim, tim.

Maigari ya zabura, takalmi ɗaya a ƙafa, ya faɗa cikin gida yana ihu, "Yaya! A tsaya! A tsaya da dakan nan!"

Mata suka tsaya, taɓare a sama. Ya leƙa turmi. Ƙaiƙayi ne.

Tabawa ta share gumi ta ce, "Tun safe shi muke daka, Maigari. Ka ce a daka, na ce bari in fara da mai sauƙi ko Allah zai dawo maka da hankalinka. Wannan ne kwandon ƙarshe. Da ka ƙara jinkiri, da tukwanen za mu buɗe."

Ya zauna a ƙasa daɓas. Ya ce, "Na ji, na kuma yarda. A mayar da ƙyamare. Wanda ke son ganin duniya ya je bayan girbi, Allah ya kiyaye hanya, amma ba mai taɓa iri."

Aka je kiran ƙartin nan huɗu, aka tarar sun ɗaura wa bakin rijiya igiya suna ja, sun ce ta fara motsi.

Takardar kuwa Tabawa ta karɓe ta ƙulle irin kuɓewa a ciki. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙasar da ta yi wa garinsu amfani kamar ƙasa ta ɗaya ba.