Jan Layin da Mai Katifa Ya Rufe da Yashi

Akwai wani mai sayar da katifa a wani layin shaguna da ke bakin babban titi. Ba mugu ba ne, wannan kam zan ba shi haƙƙinsa. Amma Allah ya zuba masa taurin kai, irin wanda in ka ce masa ga rami a gabanka, sai ya ƙara sauri don ka san ba ka isa ka ba shi umarni ba.

Shekara tara yana cin kasuwarsa shi kaɗai a layin. Kwatsam wani ya zo ya buɗe shagon katifa a can gaba, daidai inda motoci ke rage gudu. Mutumin naku ya zauna yana kallon masu saye suna wuce ƙofarsa, abin yana ci masa rai. Daga nan ya ƙudurta zai yi allon talla da ba a taɓa ganin irinsa a unguwar ba.

To, garin yana da doka a kan allunan talla, kuma dokar ba ta da wuyar ganewa. Allon da za a manna a bango, wannan da sauƙi. Amma duk allon da zai tsaya da ƙafafunsa, dole a haƙa rami a binne ƙafafun da kankare, sannan a nisanta shi da inda mutane ke wucewa ko zama gwargwadon tsawonsa. In mita biyu ne, a bar masa fili mita biyu. Wato ko da wata rana ya faɗi, ƙasa kawai zai daka.

'Yan layin kuwa suna da dabararsu. Kowa ya san ma'aikatan ofishin tsara gari ranar Talata suke zagayawa da motarsu. Saboda haka sai kowa ya yi ɗan allo marar nauyi, ya jingina a bakin hanya, in Talata ta zo ya ɗauke abinsa da hannu ɗaya ya shige da shi ciki. Har suna suka sa masa, allon Talata.

Mai katifa ya ce shi ma allon Talata zai yi. Sai dai nasa mita huɗu ne, na ƙarfe mai kauri, da hoton wata ƙatuwar katifa a jiki.

Mai walda da ya haɗa allon ya ce a haƙa rami a zuba kankare. Mai katifa ya ce ina, in aka binne ƙafafun ta yaya za a kwantar da shi ran Talata? Ya sa aka kawo tayoyin babbar mota guda biyu, aka zura ƙafafun a ciki, aka cika da bulo da duwatsu.

Mai walda ya ja da baya yana kallon abin, ya goge zufa ya ce, "Alhaji, wallahi tsoro nake ji. Wannan ba allo ba ne, ƙofar gareji ce ka tsayar a kan mutane. Don Allah kada ka ce ni na yi maka."

Mai katifa ya yi dariya ya ce masa matsoraci. Aka tsayar da allon a gefen shagon, yana fuskantar masu tahowa, bayansa kuma yana kallon daɓen simintin da ke ƙofar shagon. A kan daɓen nan akwai wani dogon benci. Daga azahar inuwar allon takan sauka a kansa, ta yi luf, har mutane suka fara yabawa.

A kan bencin nan Auta take zama. Ita ce ƙaramar 'yarsa, shekararta bakwai, ga surutu, ga giɓin haƙori biyu a gaba. Kullum ƙarfe biyu motar makaranta takan sauke ta a ƙofar shagon, ta baje littattafanta a bencin tana aikin gida har ubanta ya tashi. Duk duniya in kana son ganin haƙoran mai katifa, to yarinyar nan ce ta yi magana.

Wata Alhamis, ba ma Talata ba, wata mata ta zo wucewa ta ja ta tsaya. Ma'aikaciyar ofishin tsara gari ce, siririya, ba ta da yawan magana, kullum da tef ɗin awo da ɗan gwangwanin jan fenti a jakarta. 'Yan layin suna ce mata Mai Jan Fenti, kuma ba don ƙauna ba.

Ta yi sallama, ta gaishe shi da ladabi. Ta auna tsawon allon. Ta durƙusa ta leƙa cikin tayoyin, da ta ɗago sai fuskarta ta canza. Ta ja tef ɗin daga gindin allon, ta bi ta kan daɓen, ta wuce ƙofar shago, ta wuce bencin gaba ɗaya, sannan ta tsaya ta ja wani jan layi a ƙasa daga bango zuwa bakin titi.

Ta ce, "Alhaji, in allon nan ya faɗi, nan kansa zai sauka. Duk abin da ke cikin layin nan yana ƙarƙashinsa."

Auta kuwa tana zaune a cikin layin, tana taunar gindin fensir tana kallonsu.

Mai katifa ya tsorata, wannan ba ƙarya. Amma maƙwabta sun fito suna kallo, shi kuma mutuwa ta fi masa sauƙi a kan a ga mace ta ba shi tsoro a ƙofar shagonsa. Ya wanke ta tas. Ya ce baƙin ciki ne, ya ce wancan mai katifar ne ya turo ta, ya ce mugun bakinta ya koma kanta. Har ya shuri gwangwanin fentin da ƙafa.

Ba ta rama ba. Ta ɗauki gwangwaninta, ta miƙa masa takardar gargaɗi, ta roƙe shi ko da ba zai sauke allon ba ya janye bencin. Tana barin wurin ya sa aka kawo yashi baro biyu aka baje a kan layin, wai yana korar masa masu saye.

Ran Talata motar ofishin ta zo ɗauke allo. Tun da safe ƙarti biyar sun kwantar da shi a bayan shago sun lulluɓe da tampol. Ma'aikatan suka duba, babu allo, suka wuce. Haka Talata ta biyu, haka ta uku. 'Yan layin suna ta yi masa kirari, shi kuma yana hura hanci.

Amma bari in gaya muku abin da bai gaya wa kowa ba. Tun ranar da aka ja layin nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. In babbar mota ta wuce da gudu, allon yakan yi wata ƙara, ƙiii, ya ɗan sunkuyo ya koma. Duk sanda ya ji ƙarar sai ya leƙo ya dubi bencin. Kuma kowace Talata da aka kwantar aka tayar, duwatsun cikin tayoyin suna ƙara sakwarkwacewa, yana gani da idonsa.

Sau biyu yana janye bencin da kansa, a fakaice, kamar shara zai yi. Sau biyun masu neman inuwa suna mayar da shi. Matarsa ta zo shagon rannan, ta ɗaga kai ta kalli allon, ta ce ita dai jikinta bai ba ta ba, a daina sauke Auta a nan. Ya daka mata tsawa ya ce ita ma ta shiga sahun 'yan baƙin ciki. A ransa kuwa cewa yake bari kasuwa ta ɗan ƙara buɗewa, wata mai zuwa zai rage masa tsawo.

Wata mai zuwan bai zo ba sai da damina ta riga shi.

Ranar wata Alhamis ce. Wani sabon masaukin baƙi a can ƙarshen gari ya sayi katifa goma sha biyu, sai mai katifa ya kulle shago ya bi motar kayan da kansa. Ya ce wa maƙwabciyarsa mai sayar da takalma ta sa ido a kan Auta in an sauke ta, ba zai daɗe ba.

Suna kan hanyar dawowa, wajen biyu saura, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kwasar leda da takardu tana wurgi da su sama. Ya ga kwanon rufin wata rumfa ya ɗaga ya kifa. Ya duba agogo. Shago a kulle. Yarinya ba ta da wurin zama sai bencin nan.

Ya kira mai takalma, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ya sake. Ya kira matarsa, ta ce ai Auta tana wajenka, lafiya? Ya kashe wayar. Ga titi ya cushe, wata bishiya ta faɗi ta tare hanya, motoci ko motsi ba sa yi.

Ya buɗe ƙofa ya dira. Mutum mai tumbi, wanda rabonsa da gudu tun yana saurayi, ya kwasa a guje cikin ruwa. Takalmi ɗaya ya fice bai waiwaya ba. Bakinsa ba abin da yake iya faɗa sai "Ya Allah, ba ita ba, ba ita ba."

Da ya karyo kwanar layinsu, abin da ya fara gani shi ne sarari. Inda allon yake tsayawa babu komai.

Allon yana kwance a kan daɓen, tayoyin sun wuntsila gefe, duwatsu sun watse. Katakon benci ya tarwatse ta ko'ina. A gefen ƙarfen, igiyar wata jakar makaranta mai ruwan hoda ta leƙo waje, ruwa yana bi ta kanta. Shi ya saya mata jakar.

Ya zube a gwiwa ya kama gefen allon yana ja, yana kiran Auta da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Wasu masu wucewa suka kama masa, da ƙyar aka ɗaga. Ya rufe ido don ba zai iya kallo ba.

Jaka ce a ƙasa, da littafin lissafi da ya jiƙe, da takalmi ƙafa ɗaya. Babu yarinya.

Sai ya ji an ce, "Baba."

Tana tsaye a ƙofar kantin magani da ke tsallake, mai takalma tana riƙe da ita, gwiwarta ta kuje, tana rawar sanyi. Ya rarrafa ya rungume ta yana shafa kanta da hannayenta, yana kuka wiwi a gaban duk mutanen da yake gudun su raina shi.

Mai takalma ce ta ba shi labari, ita ma tana kuka. Ta ce tana can tana fama da kwashe kayanta kada ruwa ya jiƙa su, ta sha'afa da yarinyar sam. Sai ga Mai Jan Fenti ta diro daga babur tun bai gama tsayawa ba. Allon ya riga ya fara sunkuyowa. Ta shiga ƙarƙashinsa a guje, ta fizgi Auta ta wurga ta gaba. Ita ma ta yi tsalle, amma bakin ƙarfen ya same ta a ƙafa. Da ƙyar aka zaro ta, an wuce da ita asibiti.

Mai katifa ya juya ya kalli daɓen. Ruwan sama ya wanke yashin nan tas. Jan layin ya fito raɗau kamar yau aka ja shi, kuma inda kan allon ya daki siminti ya fasa shi, daidai kan layin ne. Ko tafin hannu bai wuce ba, bai kuma gaza ba.

Washegari ya je asibiti. Ya daɗe a bakin ƙofar ɗakin ya kasa shiga. Ƙafar ta karye wuri biyu, likita ya ce za ta taka amma ba kamar da ba. Da ya shiga sai ya durƙusa a gefen gadon.

Ita ta fara magana, ta tambayi jikin yarinyar. Ya ce da sauƙi. Sannan ya tambaye ta abin da ya hana shi sukuni, me ya kawo ta wurin a cikin wannan hadari, ranar da ba ta aiki ba ce a layinsu.

Ta ce, "Ina ofis na ga hadarin ta taga. Na san ƙarfe biyu ake sauke ta. Tun ranar da na auna wurin nan, Alhaji, duk iskar da ta taso sai na tuna da yarinyar da ke cin fensir."

Ya sunkuyar da kai. Ashe tsoron da yake ɓoyewa wata biyu, ita ma tana ɗauke da shi, a kan 'yar da ba tata ba. Bambancin kawai, ita tsoronta ya taso da ita, shi nasa ya rufe shi da yashi.

Mai walda ne ya zo ya yanka allon gunduwa-gunduwa. Yanzu ɗan ƙaramin allo ne manne a bangon shagon. Allunan Talata ma sun ɓace daga layin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya sa su ba.

Jan layin yana nan har yau, mai katifa ya hana kowa gogewa. Ita kuwa baiwar Allah ta koma bakin aikinta bayan wata biyar, da sanda. Duk ranar Talata yana daga cikin shago yake jin ƙarar sandar a kan daɓen tana matsowa. Auta takan ruga ta karɓar mata jaka. Shi kuma yakan miƙe tsaye ya gaishe ta, amma har yanzu bai iya haɗa ido da ita ba.

Darasi: Ba kowane mai hana ka abu ne maƙiyinka ba. Dokar da kake gani takura ce, wani ya zauna ya auna inda abin zai faɗi, kuma sau da yawa naka ne ke zaune a wurin. In zuciyarka ta tsorata da wani abu da ka yi, gyara shi yau, kada girman kai ya sa ka jira wata mai zuwa. Ka tura wannan labari ga duk wani mai shago da ka sani, wataƙila akwai benci a ƙarƙashin allonsa.