Ɓawon Lemun Tsami a Tukunyar Zoɓo

Akwai wata mata mai dafa zoɓo. A bikin godiyar kaka ta fara ganin mijinta. Ya sha zoɓonta, ya tsaya riƙe da kofi yana tambayar abin da ke ƙamshi haka. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɓawon lemun tsami ne. Sai za a sauke tukunya ake jefa shi. In ya daɗe a wuta, ƙamshin ya gudu, ɗaci ya zauna."

Shekaru suka shuɗe. Wata damina aka aiko mahaifiyarta ba lafiya. Mijin ya ce ta dakata a gama noma. Kafin su isa, an binne tsohuwar. Ya durƙusa ya roƙi gafara, ta ce ya wuce. Amma ba ta kai masa tuwo ba tare da ta tuna masa ba, har ya fara cin abinci a gidan wansa. Ita ma ta gaji, barci ba ya wartsakar da ita.

Ran nan ta jefa ɓawon tun farkon dahuwa, ta zauna tana tunani, tukunya tana ta tafasa. Mijin ya dawo daga gona, ya ɗebo, ya shanye. Da ta ɗanɗana, sai ta tofar. Ta ƙara sukari, ɗacin yana nan.

"Baban Saraya, yaya ka iya shanye wannan?"

"Na saba, Maman Saraya," in ji shi a gajiye. "Ɓawon ai na dā ne. Wutar ce ta daɗe."

Ma'anar misalin nan ke nan, ƙaunatattu. Ɓawon shi ne laifin da aka yi maka. Faɗarsa sau ɗaya, cikin gaskiya, tana gyara zama. Wutar ita ce zuciyar da ke maimaita shi dare da rana. Sukarin kuwa shi ne "ya wuce" na fatar baki. Allah bai bar zunubanmu a kan murhu ba. Wa ka bari yana shan ɗacinka har ya saba?

Matar nan ta janye itacen, ta zubar da zoɓon. Ta zauna kusa da mijinta ta ce, "Uwata zan yi kukanta har in mutu. Amma kai, na sauke ka daga wuta. Gobe a nan za ka ci tuwo."