Malam Akwati da Takarda Mai Lamba 147

Akwai wani ma'aikacin bincike a wani asibiti da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Malam Akwati. Ba don yana sayar da akwatuna ba ne. Shi dai mutum ne da ba ya iya ganin abu sai ya nema masa gida. Ko baƙo ya shigo ofis, kafin ya gama sallama Malam ya riga ya san layin da zai saka shi.

A gida ma haka yake. 'Yarsa ta fari ita ce "mai ƙwaƙwalwa", ta biyu "mai surutu". Mahaifiyarsa kuwa, wadda ke zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, tuni ya ajiye ta a akwatin "masu taurin kai", domin wata huɗu ke nan ta daina zuwa awon hawan jini.

"Inna, kin je asibiti yau?"

"Na je, na dawo."

"Ina katin? Ba a rubuta komai a kai ba. Inna, taurin kan nan naki zai ja mana."

Sai ta ci gaba da jan carbinta. Shi kuma ya wuce ciki a gajiye, don ba shi da ƙarfin musu.

Ba Inna kaɗai ba ce. Tsofaffin da ke zuwa awon ranar Talata a asibitin da yake aiki sun ragu da fiye da rabi. Hukumar asibitin ta ce a bincika dalili. In laifin asibiti ne, za a gyara. In kuwa mutanen ne suka watsar, za a rufe awon a ba wa wani sashe ma'aikatan. Aka ɗora wa Malam Akwati aikin, aka ba shi mako uku.

Aka tura ma'aikata gida-gida, suka dawo da takardu ɗari biyu. Babu suna a jikinsu, lamba ce kawai. Kafin ma takardun su iso, Malam ya riga ya jera kwalaye huɗu a kan teburinsa, ya rubuta wa kowanne suna da jan biro: Nisa, Tsada, Wata Cuta, Sakaci.

Rabon takardun ya zo masa a kan gajiya. Fankar ofishin ta mutu, rubutun ma'aikatan kamar tafiyar kaza, ga waya tana ta ƙara. Sai ya riƙa karanta layin farko kawai yana jefawa. Wanda ya ce "gwiwata ce", Wata Cuta. Wadda ta ce "ba ni da mai raka ni", Nisa. Wanda ya ce "ina zuwa, sai in koma", ai wannan ba sai an tambaya ba, Sakaci.

A ofishin akwai wata dattijuwa mai ajiye fayil, kowa na ce mata Anti Mai-fayil. Shekara ashirin da shida tana wannan aikin, ita ce kuma za ta shigar da amsoshin cikin kwamfuta. Tana da jinkirin hannu, saboda ba ta iya buga takarda sai ta karanta ta har ƙasa.

A rana ta uku ta taso da wani ƙullin takardu da ta ɗaure da roba.

"Malam, ina ganin kwalayenka ba su isa ba."

Bai ɗago ba. "Kamar yaya, Anti?"

"Waɗannan sittin da ɗaya ne. Na tsamo su daga kwalaye uku, amma in ka karanta har ƙasa, magana ɗaya suke yi. Tun da aka mayar da awon sama…"

"Anti," ya katse ta, yana murza ido, "ki bar min wannan, fannina ne. Rukunin nan ba daga kaina na ƙago su ba, haka ake yi a ko'ina. In kowa zai zo da kwalinsa, yaushe za mu gama? Ke dai ki buga."

"To, Malam. Allah ya ba da sa'a."

Ta buga kamar yadda ya ce. Amma ƙullin nan ba ta warware shi ba, ta saka shi a aljihun teburinta na ƙasa.

Ranar Alhamis ya miƙa rahoto. Kwalin Sakaci ne ya fi kowanne cika. Hukuma ta ce za ta zauna ranar Litinin ta sa hannu a rufe awon. Malam ya koma gida yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka.

Ranar Asabar da hantsi, Inna na shan shayi sai kofin ya suɓuce mata. Ta ce kanta na juyawa, hannunta na hagu kuma ya yi nauyi. Malam ya rikice. Ya saka ta a mota ya nufi asibiti, ya kama ta suka bi ta barandar da za ta kai su wajen likita.

A tsakiyar barandar akwai matakalar da ke hawa bene. Wata biyar da suka wuce aka mayar da ɗakin awo can sama, aka ba wa sashen raba magani ɗakin ƙasa. Ban da ranar Talata da yake fita aikin waje, Malam na hawa matakalar nan sau goma a rana, bai taɓa ƙirga ta ba. Taki ashirin da biyu ne, ga shi babu abin dafawa.

Da suka zo daidai nan, Inna ta ja ta tsaya. Ta nuna taki na uku da hannunta mai lafiya.

"Ka ga wurin zamana," in ji ta a hankali.

"Wane wurin zama, Inna?"

"Nan nake kaiwa duk Talata. In zauna in huta, in sake gwadawa, gwiwa ta ƙi. Akwai wani tsoho mai sanda, shi a na biyar yake tsayawa. Mu gaisa, mu yi hira, rana ta yi, kowa ya kama hanyar gida."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na ce maka na je na dawo. Kai kuma ka riga ka san amsa."

Likita ya ce jinin ya hau sosai, an dai yi sa'a an zo da wuri. Aka kwantar da ita. Malam ya zauna a bakin gadon yana kallon hannun da ya goya shi, ga shi yau ya kasa riƙe kofi. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a iya faɗa wa kowa.

Ranar Litinin tun kafin mai shara ya gama, yana tsaye gaban teburin Anti Mai-fayil.

"Anti, takardun nan… suna nan?"

Ba ta yi masa kallon "ai na faɗa maka" ba. Ta jawo aljihun tebur ta miƙa masa.

Ya zauna ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, wannan karon har ƙasa. Mai ciwon gwiwa, ashe bene ne ya gagare shi. Wadda ba ta da mai raka ta, gidanta na bayan asibitin, mai riƙe ta a matakala take nema. Dalili ɗaya ne ya yanka gida uku, shi ya sa bai fito a ko'ina ba. Ma'aikatan awo kuma suna sama, wanda ya iso kaɗai suke gani.

Sai ya zo kan takarda mai lamba 147. A kusurwarta ga rubutunsa da jan biro: Sakaci. Layin farko ya ce, "Ina zuwa, sai in koma." A ƙasa an rubuta, "A taki na uku nake tsayawa. Ɗana a nan yake aiki, amma kullum a gajiye yake dawowa, ba na so in ƙara masa."

Ya daɗe riƙe da takardar. Anti ta tura masa ruwa a kofi, ta koma kan aikinta.

Ƙarfe goma ya shiga zaman hukuma, ya ce a dakata da sa hannu, rahotonsa ba daidai ba ne. Shugaban zaman ya ɓata rai, ya ce wane irin aiki ne wannan, mako uku a banza. Malam ya amsa laifinsa, ya ajiye takardu sittin da ɗaya a gabansu, ya ce ba shi ya gano ba, Anti Mai-fayil ce. An yi masa faɗa son rai, har da takardar gargaɗi. Amma ba a rufe awon ba. Aka kwashe tarkacen wani sito a ƙasa, aka jera benci, aka dawo da awon nan.

Cikin wata biyu bencin ya koma cika. Tsoho mai sanda ma ya dawo.

Inna ta warke, sai dai hannun bai koma daidai ba. Yanzu Malam ne ke kai ta duk Talata, shi ke riƙe mata kofi in za ta sha magani. Wata rana suna zaune a kan benci suna jiran layi, ta dube shi da ɗan murmushi.

"To, Malam Akwati, yanzu a wanne ka saka ni?"

Ashe ta san sunan. Ya sunkuyar da kai.

"Babu ko ɗaya, Inna. Yaya gwiwar yau? Faɗa min, ina jin ki."

Darasi: Rarraba abubuwa gida-gida yana sauƙaƙa aiki da karatu, amma kada ka tanadi akwati kafin ka saurari mutum. Karanta har ƙasa, ka kuma ji ta bakin na ƙasa da kai, domin wanda ka kira mai sakaci ƙila a taki na uku yake zaune yana jiran mai riƙe shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman masu tsofaffi a gida.