Masu Sauraron Malam Sallau

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Malam Sallau ake ce masa, gyaran agogo ne sana'arsa. Matarsa ta yi doguwar jinya, shekara da shekaru tana kwance. Shi ke juya ta, shi ke wanke ta, shi ke ba ta kunu a baki, har Allah ya karɓi abarsa. Bayan rasuwarta sai ya zauna ya rubuta abin da ya koya a bakin gadon nan: yadda ake zama da marar lafiya, yadda ake haɗiye gajiya, yadda ake yi wa wanda ba ya iya tashi magana ba tare da an karya masa zuciya ba. Wani akawu ya buga masa da keken rubutu, aka ɗinke takardun da zare. Shi ke nan littafin.

Burinsa ɗaya ne a duniya, a buga littafin nan a maɗaba'a, ya shiga gidajen da ake jinya. Ga shi kuma idonsa ya fara hazo. Ya san lokaci na ƙure masa.

To, a babban garin da ke kusa da su akwai laburare na jama'a, kuma suna da wata al'ada mai kyau. Lokaci-lokaci sukan gayyato marubuta, su zo su karanta abin da suka rubuta, masu karatu su gan su ido da ido, su yi musu tambayoyi. Mai kula da wurin wata mata ce, Malama Ladidi. Littafin Malam Sallau ya taɓa faɗowa hannunta, ya taɓa mata zuciya, sai ta aika masa ya zo.

Ku saurara. Ranar da aka sa masa, ita ce ranar da wani shahararren marubuci zai zo daga birni. Shi aka ba babban zaure, aka jera kujeru, aka kafa lasifika. Malam Sallau kuwa aka kai shi ɗakin baya, inda ake tara tsofaffin littattafai, ɗaki mai duhu-duhu, da benci-benci da ƙura ta rufe. Malama Ladidi ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, nan ne ya rage."

Ya ce, "Ba komai, Malama. Ai nan ma wuri ne."

Ya sa gefen rigarsa ya goge bencinan da kansa, ya zauna yana jira. Damina ce, bayan azahar. Hadari ya haɗu, gari ya yi baƙi, ruwa ya sauko. Yana jin takun mutane suna wucewa ta ƙofarsa zuwa babban zaure, suna hira, suna dariya. Babu wanda ya ko leƙo.

Ya sunkuya yana gyara takardunsa. Da ya ɗago, sai ga wata tsohuwa zaune a bencin gaba, lulluɓe da farin mayafi. Bai ji an buɗe ƙofa ba. Bai ji sallama ba. Kuma ga ruwa ana zubawa kamar da bakin ƙwarya, amma mayafinta a bushe yake ƙayau, ƙafarta babu ko ɗigon taɓo. Ya daure, ya gaishe ta.

"Sannu da zuwa, Iya. Ko babban zaure kike nema? Yana can gaba."

Ta ce, "Wurinka na zo. Daga nesa nake. Ka karanta mini, kada ka tsallake komai."

Ya ce, "In sha Allahu, Iya, ba zan tsallake ba."

Ya yi bisimilla ya fara. Mutum ɗaya tak, jama'a, tsohuwa ɗaya, amma ya miƙe tsaye ya karanta mata kamar gari ne ya taru. Yana karatu, ɗakin yana ƙara sanyi. Bencinan baya suka riƙa ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, irin ƙarar da benci ke yi in an zauna a kansa. Ya duba, bai ga kowa ba. Da ya zo inda ya ambaci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ji an amsa salati da murya mai kauri, wadda ta fi ƙarfin bakin tsohuwa ɗaya. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya ce a ransa, ruwa ne ke dukan kwano. Ya ci gaba.

Ya kai tsakiyar littafi ke nan, aka buga ƙofa da gaggawa. Ya nemi izinin tsohuwa, ya fita, ya ja ƙofar. Malama Ladidi ce, tana haki.

"Malam, Allah ya kawo maka rana! Ruwa ya cinye gada, baƙonmu na birni ba zai iso ba. Zaure ya cika maƙil, mutane sun fara guna-guni. Kuma mai maɗaba'ar birni yana ciki, tun jiya ya iso. Na yi masa maganarka, ya ce zai saurare ka, amma da la'asar zai tashi, zai wuce wani gari ta wata hanya. Ɗauko takardunka, mu je!"

Ku dubi wannan jarrabawa. Abin da ya shekara yana roƙon Allah, ga shi an kawo masa har bakin ƙofa. Idonsa na tafiya, irin wannan dama ba ta dawowa. Malam Sallau ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗakin. Wallahi ya so zuwa. Mutum ne.

Sai ya ce, "Malama, akwai tsohuwa a ciki. Na yi mata alkawari ba zan tsallake komai ba. Rabi muka yi."

"Mu tafi da ita zauren mana."

Ya leƙa ya tambaya. Tsohuwa ta girgiza kai, ta ce, "Ba na shiga hayaniya. In za ka tafi, tafi."

Ya dawo ya ce, "Ba za ta iya ba. Wanda ke so ya ji, ya zo nan, ga wuri. Amma ba zan bar ta a tsakiyar magana ba."

Ran Malama Ladidi ya ɓaci. Ta ce, "Wa zai baro zaure ya shigo wannan kurkukun? Saboda tsohuwa ɗaya za ka yar da rabonka? Matsa, ni zan ba ta haƙuri."

Ta tura ƙofa, ta sa ƙafa ɗaya ciki. Sai ta ƙame.

Ku saurara da kyau, don wannan daga bakinta aka ji, malaminmu ya riske ta da tsufanta. Ta ce ba ta ga tsohuwa ba. Ta ce ɗakin nan cike yake. Kowane benci cike, wasu na zaune a ƙasa, wasu na tsaye jikin bango, dogaye, har kawunansu na taɓa rufi. Duka cikin fararen kaya, duka kai a sunkuye, ba a ganin fuskar kowa, ba a jin numfashin kowa. Ta ce ɗakin ya yi zurfi fiye da yadda ta san shi, sahu bayan sahu, har inda ido ya gaza. Sai na bakin ƙofa ya juyo a hankali, ya ɗora yatsa a kan leɓensa.

Ta ja da baya. Da ƙyar ta ce, "Koma, Malam. Koma ka ƙarasa."

Shi bai san abin da ta gani ba. Ya koma ya ci gaba da karanta wa tsohuwarsa, shafi bayan shafi, har ya kai ƙarshe. Tsohuwa ta ce, "Mun ji. Mun gode. Allah ya saurare ka ranar da kake bukatar mai sauraro."

Ya ce, "Amin, Iya." Sai kalmar ta dawo masa, mun ji. Ya ɗago kai. Babu kowa a ɗakin.

Da ya fito, an yi la'asar, zaure ya watse, mai maɗaba'a ya yi gaba. Ya tarar da Malama Ladidi zaune a ƙasa tana jan carbi. Ta faɗa masa abin da ta gani. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi da ban gan su ba. Da na gan su, da don yawansu zan tsaya."

Su wane ne? Mala'iku ne, ko bayin Allah ne daga cikin aljannu masu son ilimi? Ni ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira muku ba. Allah ne masani. Kada kuma ku zaci zan ce daga baya ya yi suna. Bai yi ba. Ba a buga littafin ba, idon ya rufe, ya rasu a garinsu kamar kowa. Amma waɗanda suka zauna da shi sun ce ba su taɓa jin ya yi da-na-sanin wannan rana ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Alkawarin da ka yi wa mutum ɗaya, alkawari ne, ko da taro na kiranka. Allah ba ya ƙirga kawunan masu sauraronka, zuciyarka yake dubawa. Kai malamin makaranta da ɗalibi ɗaya ya zo maka ranar ruwa, kada ka sallame shi. Ke da tsohuwar gidanku ke ba ki labari kina latsa waya, ajiye wayar. Kai da ke katse maganar talaka don babban mutum ya shigo, ka ji tsoron Allah. Wanda ke gabanka, ka ba shi hakkinsa cikakke. Ba ka san su wa ke zaune a bayansa ba.

Allah ya ba mu ikhlasi, ya sa mu cika da imani.