Ranar da Mai Ya Ƙare a Bayan Hawan Kura

Gwaggo Tasalla ce ta ba mu wannan labarin, ranar da yayyena biyu suka kusa dambe a tsakar gida a kan man babur. Ɗaya na cewa man gidan mai ya fi ko da ya fi tsada, ɗaya na cewa mai duk mai ne, in dai zai kama wuta. Muna ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya. Gwaggo ta ƙyale su sai da suka gaji, sannan ta ce su zo su zauna, ga ta nan, amma wannan ba ta gizo ba ce, ta mutane ce. Ni tun ranar abin ya tsaya min a ƙirji. A gaban mutane ba na iya magana, shi ya sa na rubuta yadda na ji.

Ta ce a wani ƙauye mai nisa da titi akwai wani dattijo, Malam Nomau. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku: Sallau ne babba, sai Tanimu, sai autarsu Zuwaira, budurwa. Babur ɗaya ne a gidan, na uban ne, amma a hannun Sallau yake, shi ke kai amfanin gona kasuwa da shi.

Shi Sallau ba ya zuba wa babur ɗin kowane mai sai na gidan mai da ke cikin gari, mai tsabta, mai tsada. Saboda tsadar, da wuya ka ga tankinsa a cike, amma in ya tayar da babur ɗin sai ka ji yana gurnani a hankali kamar mage. Ya sha rantsuwa cewa man kwalba ba zai taɓa shiga tankin nan ba, fitsarin jaki yake ce masa.

Shi kuwa Tanimu cajin waya yake yi da ɗan janareta a bakin kasuwa, kuma man kwalba yake saye wurin 'yan bumburutu, mai araha, wanda ba wanda ya san abin da ake gauraya masa. Kullum cikin tsokanar yayansa yake, wai babur ɗin Yaya amarya ne, ba ya cin abincin talakawa. Yakan ce abin da Yaya ke bayarwa a ɗan jiƙa masa gindin tanki, da shi aka ba, har wanka zai yi da mai.

Ita Zuwaira ba ruwanta da gardamarsu. Abin da aka san ta da shi tsoro ne. Ko kwaɗo ta gani sai ta saki tulu, kuma da damina ba ta taka ciyawa ko da rana tsaka.

To wata ranar kasuwa, da damina, Malam Nomau yana cire ciyawa a gona sai kububuwa ta sare shi a ƙafa. Kafin a kawo shi gida ƙafar ta kumbura. Mai maganin ƙauyen ya zo ya yi abin da zai yi, amma da ya ga jini ya fara tsattsafowa daga dasashin Malam, sai ya ja Sallau gefe ya ce masa wannan ta fi ƙarfinsa, allura ce kawai, kuma sai babban asibitin gari.

Kowa ya san hanyar gari. Sai ka ratsa daji, ka hau wani tudu mai duwatsu da ake ce wa Hawan Kura, sannan ka faɗa yashi mai tsawo kafin ka ga titi. Kuma kowa ya san ranar kasuwa 'yan fashi kan kwanta a dajin suna jiran masu komawa. Sallau ya buɗe tanki ya leƙa, ya girgiza babur ɗin ya saurara, ya ce in Allah ya yarda zai kai. Shi ya zauna gaba, aka ɗora Malam a bayansa, Tanimu ya rungume uban ta baya don kar ya faɗi, Zuwaira ta ɗane kariya, ƙarfen ɗaukar kaya da ke can ƙarshe, da ƙullin kaya, tunda ita za ta yi jinya. Abin da ba wanda ya lura da shi, kafin su fito Tanimu ya shiga ɗaki ya ɗauko kwalbar man janaretansa, wadda ba ta ma cika ba, ya cusa ta cikin riga ya ɗaure da tsumma a ƙugu.

Suka shiga daji. Babur ɗin na tafiya shiru, har suna jin kukan tsuntsaye da numfashin Malam. Shirun nan ne ya sa suka zo daf da wata tsamiya kafin mutanen da ke zaune a ƙarƙashinta su ankara. Maza ne da rawani ya rufe musu fuska, da babura biyu a jingine. Kafin su miƙe Sallau ya murɗa hannu ya wuce su. Sai aka ji harbi sau ɗaya, ganye ya zubo musu a ka, sannan ƙarar babura a bayansu.

Gwaggo ta ce Zuwaira, da yake ita ce a ƙarshe, jira kawai take ta ji inda harsashi zai same ta. Ba ta waiwaya ba, amma tana jin ƙarar na matsowa. A haka suka isa Hawan Kura. Babur mai ɗauke da mutum huɗu ya kama tudun nan yana nishi, amma bai yi tari ko sau ɗaya ba. Su kuwa 'yan fashin, da ba sa iya shiga gari shan mai sai na kwalba, baburansu suka fara fat-fat, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Babur ɗaya ya mutu a tsakiyar hawan, ɗayan ma ya bi shi. Sallau ya haye ya gangara ɗaya gefen.

Amma gudun nan da nauyin nan sun sha mai fiye da yadda ya auna. Ya murɗa rizab, wato ɗan man ajiya na gindin tanki, tun a saman tudu. Suna shiga yashi kaɗan babur ɗin ya yi shiru, ya tsaya cak. Ba gida, ba gona, sai doguwar ciyawa dama da hagu. Daga bayan tudun suna jin mutanen can suna ta bugun baburansu suna zage-zage. Malam kuwa ya daina amsa kira, kansa ya faɗa kafaɗar Sallau, jini na bin bayan rigarsa.

Sai Tanimu ya kwance tsumman ya fito da kwalbar. Sallau ya dubi man, ja-ja da shi, har da ɗan datti a gindi. Tanimu bai yi tsokana ba wannan karon.

"Yaya, rantsuwarka ko Baba?"

Sallau ya buɗe tanki. Suka tace man da gefen gyalen Zuwaira suka juye shi tas. Ya yi ta bugawa babur ɗin na ƙi, sai can ya yi tari ya kama, yana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Nan Sallau ya faɗa musu gaskiya, ya ce wannan ɗan man ba zai kai mutum huɗu titi a cikin yashin nan ba, balle asibiti. Tanimu ya ce shi zai sauka, Zuwaira ta riƙe Baba. Aka gwada, amma jikin Malam ya saki gaba ɗaya, hannunta bai ko zagaye shi ba, saura kaɗan su zube tare. Sallau kuma shi kaɗai ya iya tuƙi a yashi. Barin Zuwaira kuwa ba wanda ya ko kawo shi a baki. Suka ce a tafi a haka, Allah na nan.

Ba su yi nisa ba suka shiga inda yashin ya fi zurfi, babur ya koma tafiya kamar ta mai ƙafa. Tanimu ya ji bayansa ya yi sakayau. Ya waiwaya, sai ga Zuwaira ta diro, tana tsaye a kan hanya.

"Ku tafi, Yaya. Wallahi in kuka tsaya ba zan hau ba."

Kafin ya buɗe baki ta faɗa cikin ciyawa, ciyawar ta rufe ta. Daidai lokacin suka ji baburan can sun tashi a bayan tudu. Sallau ya sassauta kamar zai tsaya, sai Malam ya yi wani irin kakari a kafaɗarsa. Ya murɗa hannu, yana tuƙi hawaye na zuba.

Ita kuwa ta kutsa can ciki ta kwanta rub da ciki, a cikin irin ciyawar da ta sa aka ɗauko ubanta. Wani abu ya yi motsi kusa da ƙafarta, ba ta san mene ne ba, ba ta kuma isa ta duba ba. Sai ga baburan sun iso suna tari. Mutanen suka ga sawun ƙafa ya sauka daga hanya, suka tsaya. Tana jin su suna dukan ciyawa da sanda, ɗaya na cewa mace ce, sawun ƙarami ne. Sandar ta zo har tana jin iskarta a wuya. Ta cusa gyalen nan mai warin mai a baki don kar haƙoranta su yi ƙara. Sun daɗe suna nema, kuma duk daɗewar da suka yi, su Sallau ƙara nisa suke. Daga baya hadari ya taso, suka haƙura suka juya. Ba ta ɗaga kai ba sai da ta ji muryoyin mata masu tallar nono suna dawowa daga kasuwa. Su suka fito da ita, suka raka ta titi, suka sa ta a motar kaya zuwa gari.

Su kuma can, man kwalba ya kai su titi, ya kai su cikin gari, babur na mutuwa ana tayarwa. Da suka hango katangar asibiti babur ɗin ya mutu gaba ɗaya. Suka kwantar da shi a gefe ɗaya don ɗan abin da ya maƙale a lungun tanki ya gangaro, ya sake kamawa, ya kai su bakin ƙofa, nan injin ya buga, bai ƙara tashi ba har abada. Ma'aikaciyar da ta yi wa Malam allura ta ce da sun ƙara jinkiri kaɗan, da gawa suka kawo.

Malam Nomau ya warke. Zuwaira ta yi kwanaki ba ta magana sosai, ko ƙarar babur ta ji sai ta shige ɗaki. Da kaka ta yi aka sayar da amfani, Malam ya sayo sabon babur, ya tara dattawa a ƙofar gida, ya ce kyauta zai yi da shi ga wanda ya ceci ransa. Wanda ya samu, nasa ne, ko ya hau ko ya ba da haya, kuma shi zai faɗi irin man da za a riƙa zuba masa.

Masu goyon Sallau suka ce ba don mansa mai tsada ba, da a Hawan Kura labarin ya ƙare, su huɗun duka. Aka ce musu ai tsadar ce ta hana tankin cika, har ya tsaya da su a daji.

Masu goyon Tanimu suka ce mai kyau da ya ƙare bai kai mara kyau da ke hannu ba, kwalbarsa ce ta kai Malam ƙofar asibiti. Aka ce musu ai irin man nan ne ya kashe baburan ɓarayi a tudu, kuma shi ya kashe na gidan.

Masu goyon Zuwaira suka ce kwalbar ba za ta kai ko titi ba da ba ta sauka ba, kuma ita ta tsayar da masu binsu da jikinta, ita da ke gudun kwaɗo. Aka ce musu ai ko ɗigon mai ba ta kawo ba, kuma da an kama ta, da baƙin ciki ya ƙarasa abin da maciji ya fara.

Nan Gwaggo ta tsaya, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Yayyena suka dame ta ta faɗi wanda aka ba, ta ce Malam Nomau yana nan tsaye da makulli a hannu, su yake jira. Suka sake kaurewa da musu, kowa na jan nasa. Ni ina da tawa amsar, amma ba wanda ya tambaye ni.

To ku fa, makulli ɗaya ne: Sallau za a miƙa wa, ko Tanimu, ko Zuwaira?